Ƙaramin Malam-buɗe-littafi Shuɗi: Wanne Ne Ɓarawon Wake?

Duk shekara idan wake ya fara fure, akwai tambayar da ba ta wuce mu a shirinmu na noma a gidan rediyo, kuma yawanci daga bakin 'yan kasuwa take fitowa: shin waɗannan ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗɗa da ke yawo a gona, su ne ke huda wake? Tambayar tana da dalili, domin fatake da dama da ke cin kasuwannin Maraɗi, Jibiya, Ƙonni, Illela da Maigatari sukan zuba kuɗinsu a kan wake tun yana gona. Amsar ita ce, wasu na ɓarna, wasu kuwa ba ruwansu, kuma ana iya rarrabe su da ido.

Masana sun ce dangin waɗannan ƙwari, da suke kira Lycaenidae, sun kai iri dubu 6 a duniya. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Torben Larsen, ya wallafa babban littafi a 2005 a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, inda ya kawo kusan iri 1,500. Mu dai huɗu za mu ɗauka, waɗanda aka fi gani a gonaki da dazuzzukanmu.

Dabara ta farko ita ce kada a dogara da shuɗin. Namiji ne ya fi shuɗi, macen kuwa ta fi karkata ga ruwan ƙasa. A bari sai ya sauka ya rufe fukafukansa, sannan a dubi zanen da ke ƙarƙashinsu. Da sanyin safiya ya fi tsayawa a kalle shi.

Na farko, wanda ya kamata kowane mai wake ya sani, shi ne Lampides boeticus. Faɗinsa idan ya buɗe bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba. Ƙarƙashin fiffikensa ruwan ƙasa ne mai haske, da siraran layuka farare, sannan da wani farin layi mai faɗi a fiffiken baya. Yana da 'yar wutsiya siririya kamar zare, da ɗigo biyu baƙaƙe a gindinta. Wutsiyar da ɗigon suna kama da kai da idanu, har tsuntsu ya kai sara can, shi kuma ya tsira da ransa. Macen tana saka ƙwai ɗaya-ɗaya a kan fure, tsutsar ta shiga cikin kwanson wake ta cinye 'ya'yan.

Na biyu, Euchrysops malathana, launinsa kamar hayaƙi ne, da ɗigo mai ruwan lemo a kusurwar fiffiken baya. Shi ma tsutsarsa na cin furen wake da kwansonsa.

Na uku, Zizeeria knysna, ƙarami ne, kimanin santimita 2, ba shi da wutsiya, ƙarƙashinsa ruwan toka da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Ƙasa-ƙasa yake tashi, a bakin hanya da fadama, kuma tsutsarsa ta fi son tsidau da alayyahu. Na huɗu, dangin Tarucus, fari ne daga ƙasa da zane baƙi ƙarara, kuma a jikin magarya ake samun sa, domin ganyenta tsutsarsa ke ci. Wanda ya ga waɗannan biyun ya ruga sayen maganin feshi saboda wake, ya yi asarar kuɗinsa.

Tsutsar wannan dangi gajeriya ce, kore, mai faɗi. Sau da yawa za a ga kiyashi sun yanyame ta, domin tana fitar da wani ruwa mai zaƙi da suke sha, su kuma suna kare ta daga abokan gaba.

To amma a nan ne ya kamata 'yan kasuwa su buɗe kunne. Babban mai ɓarnar wake a gona wani faɗa-wuta ne mai tashi da dare, da ake kira Maruca. Alamarsa ita ce yana da kashi a bakin hudar, har kwanso ya manne da ganye. Saboda shi ne Nijeriya ta amince a 2019 da irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar. Shi kuwa waken da ke komawa gari a cikin buhu, aikin ƙwaron wake ne, mai saka fararen ƙwai a jikin ƙwaya, yana ta hayayyafa a sito. Tsutsar malam-buɗe-littafi ɗanyen wake take ci. Da zarar ya bushe an sussuke, ta gama nata.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wasu sukan ga huda ɗaya su ɗauko fiya-fiya su kwarara a buhu. Idan ba a manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa. Ballantana lafiyar iyalan da ke cin alala da ƙosai da shi. Alhali buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a yankinmu tun daga 2007, yana kashe ƙwaron sito ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin gona, Alhaji, ka shiga cikinta da safe, ka dubi masu tashi, ka ɓare kwanso goma ka ga abin da ke ciki. Idan ka sami ɓarna, malamin gona ne zai faɗa maka maganin da ya dace da lokacin fesa shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.