Samfuri da Ƙuri'ar Jin Ra'ayi

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Kaɗan yake ɗiba a tafin hannu. Amma gogagge ba ya yarda da bakin buhu, tunda nan ake zuba mai kyau. Sai ya zura hannu har tsakiya. Wannan 'yar ɗibar ita masana ƙididdiga ke kira samfuri, kuma a kanta aka gina duk wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a.

A shekarar 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tun kafin a je rumfa. Ba sabon shiga ba ce, ta dace a zaɓukan baya. Ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo. Da aka ƙirga, mujallar ta bugi ƙirji ta ce Alf Landon, gwamnan jihar Kansas, zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100. Ranar zaɓe Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Maine da Vermont kaɗai Landon ya tsira da su.

Ina aka yi kuskure? Yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota aka kwaso su. A lokacin kuwa tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, talakan da ke fafutukar abincin yau ina shi ina tarho, balle mota? Kuma talakawan nan su ne ƙashin bayan Roosevelt. Kuskure na biyu ya ma fi tsanani: cikin waɗanda takarda ta isa hannunsu, masu jin haushin gwamnati sun fi zafin nama wajen mayar da amsa. Wani mai ƙuri'ar jin ra'ayi, George Gallup, da ya tambayi mutanen da yawansu bai kai ko kusa da na mujallar ba, amma ya yi ƙoƙarin haɗa kowane rukuni, ya faɗi daidai cewa Roosevelt zai ci. Mujallar ta rufe a 1938.

Lissafin samfuri yana da ban mamaki. In aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar da kowa a ƙasa ke da damar shiga daidai da kowa, sakamakon yakan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce kashi 3 sama ko ƙasa ba, sau 95 cikin 100. Ƙasar mai mutum miliyan 20 ce ko miliyan 200, kusan duk ɗaya ne. Wanda ke son rage wannan tazara da rabi kuwa, sai ya ninka samfurin sau huɗu, ya tambayi 4,000.

Wannan lissafi bai shafi ƙuri'ar da ake yi a Facebook ba, ko wadda masu saurare ke bugo waya gidan rediyo. Can mai amsa ne ya kawo kansa, kuma manomin da ba shi da babbar waya ko kuɗin data bai ma san an yi ba.