Baturiya da Dagona a Tafiya Ɗaya: A Ina Baƙo Zai Kwana?

Mai niyyar zuwa kallon tsuntsayen fadamar Haɗejia da Nguru yakan fara lissafi da mota da kuɗin mai da halin da hanya take ciki, ya bar maganar masauki sai ƙarshe, a kan cewa duk inda dare ya yi ai ba za a rasa ɗaki ba. A ganina maganar masauki ita ya kamata a fara yankewa. Garin da mutum ya kwana shi ke nuna ƙarfe nawa zai isa bakin ruwa, lokacin da ya isa bakin ruwa kuwa shi ke nuna abin da zai gani.

Gandun daji na ƙasa guda biyu ne suke maƙwabtaka a wannan yanki. Na farko yana Jihar Jigawa, wato dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a masarautar Haɗejia. Ya daɗe a matsayin gandun jiha, sai a shekarar 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa tare da wasu guda tara, cikinsu har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Na biyu yana Jihar Yobe, shi ne ɓangaren Bade da Nguru na Gandun Dajin Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma abin da ya fi shahara a cikinsa shi ne tafkin Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa. Wannan gandu na Chadi kashi uku ne a warwatse: akwai Chingurmi-Duguma a Borno, daura da gandun Waza na Kamaru, wanda rashin tsaro ya daɗe da hana masu yawon buɗe ido zuwa, akwai Bulatura mai tuddan rairayi a Yusufari, sai wannan na Bade da Nguru, wanda shi ne mafi kusa da Haɗejia.

A takarda gandu biyu ne a jihohi biyu, amma ruwansu ɗaya ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗejia. Da ya wuce garin Haɗejia sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rasa babbar hanya guda, ya rarrabu: wani reshe ya bi mashigin Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. Can wajen Gashuwa ruwan ya sadu da na Kogin Jama'are da ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tsakanin waɗannan rassa ne ake samun tafkuna da fadamu da dazukan goruba da bagaruwa waɗanda suka sa duniya ta san yankin. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Baturiya da Dagona suka shiga jerin a 2008. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejia da Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu. Tun kafin wannan, a 1989, Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona takanas don ganin tsuntsaye.

Abin da ke kawo irin waɗannan baƙi shi ne tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai da arewacin Asiya. Sukan ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma fadamar nan tana cikin manyan wuraren ruwa na farko da suke tararwa bayan hamada. Sukan fara sauka da kaka, su yi hunturu a nan, su juya gida wajen watan Maris. Suna tarar da 'yan gida: dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da sauransu. A shekarar da ruwa ya yi kyau, masu ƙidayar tsuntsaye da ke fita a watan Janairu sukan ƙirga dubban ɗaruruwa.

To amma tsuntsu yana da lokacinsa. Daga ketowar alfijir zuwa hantsi ne ake ganin garkunansu suna tashi suna sauka, suna kiwo a ruwa marar zurfi. Da rana ta take sai su lafe cikin ciyawa ko su koma tsakiyar tafki inda ido ba ya kaiwa, masunta da makiyaya kuma sun riga sun cika bakin ruwa. Sai bayan la'asar zuwa magariba al'amarin ke sake motsawa. Ke nan a yini guda baƙo yana da 'yan sa'o'i da safe da 'yan sa'o'i da yamma, kuma duk masaukin da zai cinye masa waɗannan sa'o'i a kan hanya, komai kyansa, bai dace da wannan tafiya ba.

Da wannan ma'auni Kano da Dutse sun fita daga lissafi. Gaskiya ne can ake samun manyan otal-otal da wutar da ba ta yankewa da filin jirgin sama, shi ya sa baƙi da yawa, musamman manyan ma'aikata, suke so su kwana can su yi sammako. Amma wanda ya bar Kano bayan sallar asuba zai isa Haɗejia rana ta riga ta ɗaga, kafin ya sami jami'in gandu ya shiga hanyar ƙauye azahar ta gabato. Zai ga ruwa, zai ga ciyawar kacalla, ya ɗauki hoto da 'yan tsuntsaye ƙalilan, sannan hankalinsa ya koma kan yadda zai isa gida kafin dare. Irin wannan baƙo ne yakan koma yana cewa an zuzuta wurin fiye da kima, alhali lokacin da ya zo ne bai dace ba.

Shawara ta biyu da mutane kan kawo ita ce a kafa zango guda a Haɗejia, a riƙa fita daga nan zuwa ko'ina. Tana da hujja. Haɗejia babban gari ne mai masaukai da asibiti da bankuna da kasuwa, kuma yini ba ya zama asara a cikinsa. Da rana, lokacin da tsuntsaye suka lafe, baƙo zai iya zuwa kasuwar kifi, wadda ta yi suna a Arewa, inda ake loda bandar tarwaɗa zuwa garuruwa masu nisa. Zai iya ganin fada da ragowar ganuwa, ya ji labarin Sarki Buhari da ya ƙi bin Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, da na Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya tsaya ya yaƙi Turawan Ingila a 1906 har ya rasa ransa. Ga mai zuwa Baturiya babu garin da ya kai Haɗejia dacewa. Matsalar tana wajen Dagona. Daga Haɗejia sai an bi ta Kirikasamma an shiga Nguru, an ɗauki hanyar Gashuwa, sannan a sauka daga kwalta. Wanda yake so ya riski safiyar Dagona daga Haɗejia dole ya fita cikin duhu, kuma ba na ba kowa shawarar tafiyar dare a waɗannan hanyoyi, ko don ramuka da dabbobi da manyan motoci, balle a zo ga maganar tsaro.

Akwai masu cewa to a nemi tsakiya, a kwana a Nguru kawai, a raba nisan biyu. Wannan dabara tana da kyau a taswira, amma a aikace takan bar mutum yana makara a Baturiya.

Abin da na ga ya fi shi ne a raba kwanan. A fara da Haɗejia, a isa da rana, a gaisa da jami'an gandu, a shirya wanda zai yi rakiya, a kwana. Washegari a yi asubanci zuwa Baturiya, a dawo a huta, in da ƙarfi a koma da yamma. A kwana na biyu a sake yin safiya ɗaya, domin fadama ba ta nuna fuska ɗaya sau biyu, sannan da hantsi a ɗaure kaya a kama hanyar Yobe. Kyan wannan tsari shi ne tafiyar ta faɗo a tsakar rana, lokacin da dama babu abin kallo. Wahalarsa ɗaya ce, ɗaure kaya da kwance kaya, kuma ba ta kai a rasa safiya saboda ita ba.

A ɓangaren Yobe zaɓi yana tsakanin Nguru da Gashuwa. Gashuwa ita ce hedikwatar masarautar Bade, tana bakin Kogin Yobe, tana da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, kuma wanda Dagona kaɗai ta kawo shi, ko yake son ya ƙarasa Gogaram inda Badawa ke bikin kamun kifi, zai iya sauka can. Ni dai Nguru na fi karkata gare ta. Tsohon garin kasuwanci ne inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, ya saba da baƙi, kuma tafkin yana nan gefen gari. Mutum zai iya yin safiyarsa a Dagona, da yamma ya shiga kwalekwale a tafkin Nguru ba tare da wata doguwar tafiya ba. Ga mai komawa Haɗejia ko Kano kuma ta rage masa hanya.

Duk wannan lissafi na rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Agusta da Satumba ruwa ne ke mulki: hanyoyin ƙauye sukan nutse, wasu garuruwan sai da kwalekwale, kuma a shekara irin 2022 mutanen Haɗejia kwana suka riƙa yi a kan jinga suna tare ruwa da buhunan ƙasa. Ko a ranin ma, inda ruwa ya kwanta bana ba lallai ne ya kwanta nan baɗi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya. A da ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya janye da rani. Yanzu ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan ya ba kacalla damar toshe magudanai, har wasu wurare suka koma cikin ruwa dindindin wasu suka bushe. Tsuntsaye kuwa ruwan suke bi. Saboda haka kafin a kama ɗaki a tambayi jami'an gandu ko masuntan yankin inda ruwa yake a wannan shekara. Da ɗan gari akan ci gari.

Game da masaukin kansa, kada baƙo ya zo da tunanin Yankari, inda ake kwana a sansanin Wikki a tsakiyar daji, a tashi a ga namun daji daga ƙofar ɗaki. A nan a gari ake kwana. Abin da za a duba kaɗan ne: ruwa, gidan sauro, wurin ajiye mota, da mai gadin da zai buɗe ƙofa da asuba. Sauron fadama ba abin wasa ba ne, sanyin hunturu a bakin ruwa ma haka, don haka a zo da maganin sauro da rigar sanyi. A sayi abin karyawa tun da dare. Wanda kuma yake da ɗan'uwa ko aboki a garin, saukar gida ta fi, domin mai masauki ne zai kai shi gaban dagaci ko bulama a yi gaisuwa, ya haɗa shi da mai kwalekwalen da ya san ruwa. Shiga ƙauye da na'urar ɗaukar hoto ba tare da an gai da masu gari ba rashin ladabi ne, kuma yakan jawo zargi.

Akwai wani dalili da ya sa nake nacewa a kwana a garuruwan fadama. Mutanen Baturiya da Dagona su ne aka taƙaita wa farauta da saran itace da kiwo a cikin gandu, su ne kuma tsuntsun jan-baki ke cinye wa shinkafa da gero. Idan baƙo ya kwana a Kano, ya ci a Kano, ya sha mai a Kano, ya zo ya yi sa'a biyu ya juya, babu abin da ya shiga hannunsu, kuma da wuya a gamsar da manomi cewa tsuntsu yana da amfani a gare shi. Wanda ya kwana huɗu tsakanin Haɗejia da Nguru kuwa ya biya mai ɗaki da mai abinci da ɗan acaɓa da mai kwalekwale da ɗan rakiya, ya tafi da kifi da tabarmar kaba.

Saura aikin hukuma. Ɗaga Baturiya zuwa gandun ƙasa ba zai kawo baƙi ba muddin mai son zuwa bai san wanda zai kira ba, bai san kuɗin shiga ba, bai san inda zai kwana ba. Ina kira ga Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da gwamnatocin Jigawa da Yobe su haɗa gandun biyu a tsarin ziyara guda, su samar da ƙananan ɗakunan kwana masu tsabta kusa da Baturiya da Dagona, su horar da samarin ƙauyukan su zama 'yan rakiya, sannan a ba mutanen wurin haƙƙin gudanar da masaukan da kasonsu na kuɗin shiga.