Da'irar da Ta Ƙi Yin Rawaya

Gonar kawuna tana gindin duwatsun Kagoro, tafiya kaɗan daga Kafanchan. Damina uku a jere masararsa tana ja da baya. Ganye ya yi rawaya, gefensa ya yi shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, kara ya tsumbure iya gwiwa. Amma a kusurwar gabas akwai wata da'ira, faɗinta bai fi na ɗakin kwana ba, inda masara ta fi tsayin mutum, kore shar. Iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka.

Zargin farko ya faɗa kan taki. Kawu ya ce lallai jabu aka sayar masa. Sai dai daga buhu guda aka zuba wa gonar duka, har da da'irar, kuma a bana ya ninka yuriya da kamfa, abin sai ƙara lalacewa yake. Muka koma neman wuta-wuta, ba mu ga furenta ko ɗaya ba. Muka buɗe zuciyar kara, babu tsutsa. Wasu maƙwabta suka tuna annobar da ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, suka ce ko ita ce ta dawo. Amma waccan ruɓar da citta take yi, kuma cuta ba ta zana da'ira ta tsallake ta.

Da sama ta ƙi ba da amsa, sai muka nemi ta ƙasa. Muka tuge masara biyu. Ta cikin da'ira tana da saiwa doguwa fara, mai gashi kamar gemu. Ta waje kuwa saiwarta gajeriya ce, dunƙulalliya, bakinta ya yi ruwan ƙasa kamar an ƙona shi. Wani abu a cikin ƙasar yana cin saiwar.

"Kawu, me ke wurin nan a da?" na tambaya.

Ya yi shiru, can ya ce, "Nan innarka ke girka wa 'yan gayya abinci lokacin girbi. Shekaru ke nan, nan ake zubar da toka."

Toka ke nan. Amma me ta yi? Gaskiya ne tana ɗauke da ɗan abincin shuka, sai dai irinsa na cikin kamfa, kuma kamfa ya wadata ko'ina a gonar. Ashe ba ƙarancin abinci ba ne. Abincin na nan, masarar ce ta kasa ci, kamar kazar da ta kwana da yunwa a kan dami.

A madafa aka warware ƙullin. Da yamma na iske Inna tana miyar yakuwa, ta ɗiga ruwan toka a tukunya. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Tsami nake kashewa, ɗana. In babu kanwa, toka ma tana yi." Na roƙi ɗan jiƙaƙƙen zoɓo marar sukari, na raba a kofi biyu. Na zuba ruwan kanwa a ɗaya, ruwan toka a ɗaya: duka biyun suka bar ja, suka koma duhu mai ratsin kore. Na matse lemun tsami a ciki, ja ya dawo. Zoɓo ya ba da shaida cewa toka da kanwa 'yan gida ɗaya ne, kuma aikinsu kashe tsami. To in toka ce ta warkar da da'irar, ciwon sauran gonar tsami ne.

Tsami yana da ma'auni. A 1909 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark, Søren Sørensen, ya fito da abin da ake kira pH. Lambobinsa daga 0 zuwa 14 ne. Tsantsar ruwa na kan 7. Ƙasa da 7 gidan tsami ne: lemun tsami na wajen 2, tsamiya wajen 3. Sama da 7 gidan kanwa ne, inda ruwan toka ke kai 10 ko fiye. Kowane mataki ninki goma ne, wato ƙasar da ke kan 5 ta fi ta 6 tsami sau goma, ta fi ta 7 sau ɗari.

Muka ɗebi ƙasa daga wuraren biyu, aka gwada mana. Ta da'ira ta haura 6. Ta waje ba ta kai 5 ba. Nan komai ya haɗu. Idan ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke kwance cikinta yakan narke ya shiga ruwa, ya ƙone bakin saiwa. Ga dalilin dunƙulewar saiwa. Alminiyam ɗin ne kuma yake kama sinadarin fosfaras na cikin kamfa ya ɗaure shi, shuka ta rasa. Ga dalilin shuɗin ganye.

Saura tambaya ɗaya: wa ya tsamama gonar? Biyu ne suka haɗa baki. Na farko ruwa. Kudancin Kaduna ya fi Zariya da Kano samun ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma albarkar da ke cika rafin Matsirga ita ce ke wanke sinadaran da ke tare tsami, ta nutsar da su inda saiwa ba ta kai. Na biyu yuriya. Ƙananan halittun ƙasa suna sarrafa ta kafin shuka ta sha, kuma wannan sarrafawa tana barin tsami a baya. Duk buhun da kawu ya ƙara don magani, ciwon yake ƙara wa ƙarfi.

Maganin ba cinna wa gona wuta don a sami toka ba ne, don wuta tana cinye ciyawar da za ta ruɓe ta raya ƙasa. A fara da gwaji. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe a wannan fage, ga kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. A watsa farar ƙasa ta noma makonni kafin shuka, gwargwadon abin da gwaji ya nuna. A dawo da takin gida. Tokar murhu kuma a daina zubar da ita a bola, amma kada a gauraya ta da yuriya, don ƙarfin takin zai bi iska.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, shekara uku muna neman amsa a kasuwa, alhali kowace yamma Inna tana ɗiga ta a tukunya. Da rani kawu ya ajiye tsohuwar ganga a bayan madafa. Ko cokali ɗaya na toka ba ya barin a zubar.