Sharuɗɗan Shigar Da Ƙarar Diyya Kan Lalata Da Yara A Jihar Kalifoniya

Yaron da wani babba ya yi lalata da shi ba kasafai yake faɗa ba. Tsoro da kunya kan rufe masa baki, wani ma sai ya yi furfura kafin ya iya furta abin da ya same shi. To idan ya girma ya ce zai kai ƙara, kotu za ta saurare shi? Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta tanadi doka a kan wannan, ita ce kuma za mu duba a wannan wata.

Da farko mai karatu ya sani ƙara iri biyu ce. Akwai ƙarar laifi, wadda hukuma ke shigarwa don a ɗaure mai laifi. Akwai kuma ƙarar neman diyya, wadda mutum ke shigarwa da kansa don a biya shi kuɗin cutar da aka yi masa. A kan ta biyun muke magana. A cikinta ana iya ƙarar wanda ya aikata abin, ana kuma iya haɗawa da makaranta ko wurin ibada ko gidan marayu da aka damƙa wa amanar yaron suka yi sakaci.

A da, wa'adin shigar da ƙarar yakan ƙare ne idan mutum ya cika shekara 26, sai fa wanda bai gano illar da aka yi masa da wuri ba. A shekarar 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. Ta ɗaga wa'adin zuwa shekara 40, ko kuma shekara 5 daga lokacin da mutum ya gane cewa damuwar da ke addabarsa daga wancan abu ta samo asali. Ta kuma ba waɗanda lokacinsu ya riga ya wuce damar shekara 3, har zuwa ƙarshen 2022. Daga baya an cire wa'adin gaba ɗaya ga duk abin da ya faru daga 1 ga Janairu 2024.

Amma tsawaita lokaci bai sa an bar ƙofa a wangale ba. Duk wanda ya kai shekara 40 a ranar da zai shigar da ƙara, dole ya haɗa da takardun shaida iri biyu.

Ta farko daga lauyansa take. Lauyan zai sa hannu cewa ya binciki maganar, ya nemi shawarar masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ya gamsu akwai dalili mai ƙarfi na zuwa kotu. In mutum uku ake ƙara, takarda uku zai rubuta, kowa da tasa. Ta biyu daga shi masanin ne. Tilas ya zama yana da lasisin aiki a jihar, ba ya cikin masu shari'ar, kuma bai taɓa yi wa mai ƙarar magani ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da hikima, domin likitan da ya daɗe yana duba mutum zai yi wuya ya ƙi gaskata shi. Masanin zai zauna da mai ƙara ya yi masa tambayoyi, sannan ya rubuta cewa a iya saninsa akwai dalilin yarda an yi lalata da shi yana yaro. Idan wa'adi ya matso ba a sami masanin ba, ana iya shigar da ƙarar a kawo takardun cikin kwana 60.

Alƙali ne zai karanta su shi kaɗai a ofishinsa, ba a bainar jama'a ba. Kafin ya gamsu, ba za a kai wa kowa sammaci ba. Wanda kuwa bai kawo takardun ba, ɗaya ɓangaren na da ikon neman a yi watsi da ƙararsa tun ba a fara jin shaidu ba.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne maganar suna. A irin wannan ƙara ba a rubuta sunan wanda ake zargi a takardar farko. Sai a sa masa sunan aro, kamar dai mu ce “Wane”. Sunansa na gaskiya ba zai fito ba sai lauya ya kawo wata hujja da ke ƙarfafa zargin, misali maganar wani shaida ko wata tsohuwar takarda, alƙali kuma ya amince. Ra'ayin masanin ƙwaƙwalwa ba ya shiga cikin wannan hujja. Dalilin a fili yake: zargin lalata da yaro yana iya rusa mutuncin mutum tun kafin a yanke hukunci. Sai dai nauyin ba ƙarami ba ne a kan mai ƙara, tunda bayan shekara 30 wasu shaidun sun rasu, takardu kuma sun ɓace.

Haka nan wanda ya haura 40 yana ƙarar wata ma'aikata kan abin da ya faru kafin 2024, bai isa ya ce ma'aikacinsu ne ya cuce shi kawai ba. Sai ya bayyana a takardar ƙara cewa shugabannin wurin sun san halin mutumin, ko ya kamata su sani, ko kuma ba su ɗauki matakin kare yara ba. Idan aka tabbatar an yi rufa-rufa, kotu na iya ninka diyya har sau 3, amma a 2023 Kotun Ƙolin jihar ta ce wannan ninki bai hau kan hukumomin gwamnati ba.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, dubban mutane sun shigar da ƙara. A watan Oktoba 2024 Cocin Katolika na Los Anjeles ya amince zai biya dala miliyan 880 ga mutum fiye da 1,300. A watan Afrilu 2025 kuma Gundumar Los Anjeles ta amince da biyan dala biliyan 4 ga dubban mutanen da suka ce an yi lalata da su suna yara a gidajen reno da gidajen horon yara da ke ƙarƙashinta.