Sanganeb: Lambun murjani ƙarƙashin hanyar mahajjata

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, a Sawakin ko Por Sudan suke shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Abin da mafi yawansu ba su gani ba shi ne dukiyar da Allah ya shimfiɗa ƙarƙashin jirgin nasu.

Kimanin kilometir 25 daga gaɓar Sudan akwai Sanganeb, wani tsaunin murjani da ya taso daga ƙasan teku. Gomnatin Sudan ta killace wurin a 1990, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya tare da yankin Dungonab. Akwai kunkurun teku, da manyan kifaye masu kai kamar guduma, a Dungonab kuma har da ɗan'uwan ayun da muka sani a kogin Kwara.

To, ta yaya mutum ke kai can ƙasa? Mai nutso yana goya butalin iska, ya sa gilashi a fuska da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Kowane metir 10 da ya sauka, nauyin ruwa na ƙaruwa a kansa. Shi ya sa doka biyu ce ba a wasa da su: kada ya riƙe numfashi, kada ya taso da gaggawa. In ya yi garaje, iskar da ta narke cikin jininsa sai ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemu, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa.

Bafaranshen nan Jak Kusto, wanda shi da injiniya Emil Gañan suka ƙera na'urar numfashin a 1943, ya san darajar wannan ruwa. A 1963 ya gina gida ƙarƙashin teku a Sha'ab Rumi, kusa da Sanganeb, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin metir 10.

Amma jama'a, murjani ba dutse ba ne kawai. Ƙananan dabbobi ne masu rai, da wani gansakuka a jikinsu wanda ke ciyar da su, yake ba su launi. In ruwa ya ɗara zafin da suka saba da digiri 1 na tsawon makonni, sai su fitar da shi, su yi fari fat, yunwa ta kashe su. A 2024 masana sun tabbatar da wannan annoba ta game tekunan duniya karo na huɗu.

Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wanda ya kori baƙi masu nutso, ya bar masu jiragen da ke kai su hannu rabbana.

Murjani bai rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 na jinsunan halittun teku da shi suka dogara. In ya mutu, masuncin Por Sudan ne zai fara ji a tukunyarsa. Zafin da ke busar da gonakinmu, shi ne ke dafa lambunsa.