Allon da ya ci sunan mashaya

Arduino, ɗan allon lantarkin nan da bai cika tafin hannu ba, wanda ɗaliban injiniya ke haɗa aikin kammala karatu da shi, sunan mashaya ya ci. A garin Ivrea na arewacin Italiya aka ƙirƙire shi a 2005, kuma Massimo Banzi da abokan aikinsa sun saba zama a wata mashaya mai suna Bar di Re Arduino. Ita ma mashayar sunan Arduin ta ci, wani basarake da aka naɗa sarkin Italiya a 1002. Harsashin aikin kuwa wani ɗalibi ɗan Kolombiya ne ya kafa shi, Hernando Barragán, da manhajarsa Wiring. Sunansa ba ya cikin mutum 5 da ake kira iyayen Arduino, kuma a ganina an ci haƙƙinsa.

In kana da Arduino Uno a kusa, duba layin ramukan da ake soka waya a gefensa. Daga kowane rami zuwa na gaba inci 0.1 ne, ma'aunin da kusan duk kayan wannan sana'a ke bi. Sai tsakanin rami na 7 da na 8, inda tazarar ta koma inci 0.16. Kuskure ne aka tafka cikin gaggawa wajen zana allon farko. Kafin a farga, mutane sun riga sun ƙera allunan da ake ɗorawa a kansa bisa wannan karkataccen ma'auni, gyara kuwa zai mayar da su duka shara. Aka bar shi haka. Yau masana'antun ƙasar Sin da ke buga kwafin allon har kuskuren suke kwaikwaya daidai wa daida, don wanda ya gyara ba zai samu mai saya ba. Kwafin ma ba sata ba ne, domin zanen a buɗe yake ga kowa, sunan ne kaɗai ke da rajista. A kan sunan ne masu allon suka yi rigima a junansu har gaban kotu, ta kai wani ɓangare ya riƙa sayar da nasa da sunan Genuino a wajen Amurka, kafin su sasanta a 2016.

Ƙwaƙwalwar da Uno ke aiki da ita kilobait 2 ce kacal. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka ta sau dubu. Kwamfutar da ta sauke Apollo 11 a duniyar wata a 1969 ta fi shi, tana da kusan kilobait 4, sai dai agogon Uno ya ninka nata sauri fiye da sau 10. Shi ma dai Arduino ya leƙa sararin samaniya: a 2013 an harba ƙananan taurarin ɗan'adam masu ɗauke da shi, masu suna ArduSat, waɗanda aka gina da kuɗin karo-karo na jama'a. Tsarin ayisin (IC), wato ɗan guntun lantarkin da ke zuciyar allon, kuma wasu ɗalibai biyu ne suka faro shi a Trondheim ta ƙasar Norwe.

A 2014 wani ayisi mai suna ESP8266 ya ɓulla daga kamfanin Espressif na Shanghai, yana haɗa na'ura da intanet ba waya, a kan kusan dala 5. Matsala ɗaya, takardun bayaninsa da Sinanci suke. Masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suka duƙufa fassarawa da gwaji, sai da suka gano ba ya ma buƙatar wani allo ya ja ragamarsa, shi kaɗai ya isa. Allon Raspberry Pi Pico ya zo a 2021 a kan dala 4. BBC kuwa kyauta ta raba nata allon, micro:bit, ga yara kusan miliyan 1 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya a 2016.

Wajen farautar matsala ne labarin ya fi daɗi. Akwai wani allo mai arha da ake kira Blue Pill, wanda aka buga da yawa daga cikinsa da rizistar da ba ita ba a layin USB: inda ake son mai 1.5k sai aka sa mai 10k. Wata kwamfutar ta karɓe shi, wata ta yi kamar ba a jona komai ba, mai shi kuma ya kwana yana zargin manhajarsa alhali ba ruwanta.

Na kamfanin FTDI da ke Glasgow ya fi wannan zafi. A Oktoban 2014, da jabun ayisinsa suka ishe shi, ya saki sabon direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ta hanyar sabunta Windows. Duk ayisin da direban ya gane jabu ne, sai ya mayar da lambar shaidarsa 0000, kwamfuta ta daina ganin allon da ke ɗauke da shi. Laifin masu buga jabu ne, amma mai saya ne ya sha dukan, shi da ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin baƙin ayisi. Da aka yi musu ca, suka janye direban.

Duk da haka, babban mai laifi a teburin sabon shiga bai wuce kebul ba. Wasu wayoyin caja layukan wuta kaɗai ke cikinsu, babu na saƙo. Allo zai kunna fitilarsa, ka ɗauka komai lafiya, amma kwamfuta ba za ta taɓa ganinsa ba. Masu rubuta manhaja kuma suna da wata dabara da littafin The Pragmatic Programmer na 1999 ya yaɗa: ka ajiye agwagwar roba a gabanka ka yi mata bayanin aikinka layi bayan layi. Sau da yawa kafin ka gama, ka ji kuskuren da bakinka.

Akwai kuma matsalar da ke da haƙuri. Arduino na ƙirga lokaci tun daga sanda aka kunna shi, amma ma'ajin ƙirgar kan cika bayan kwana 49.7, sai ya koma sifili. Na'urar da ka haɗa don ban ruwa ko kunna fitila za ta yi mako 7 lafiya ƙalau, rana ɗaya ta birkice. (A inda wuta ba ta yini a tsaye, da wuya ka gamu da wannan, sai in da sola kake aiki.) Windows 95 ma ta yi fama da irinta, tana sandarewa bayan daidai wannan adadin kwanakin. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin Boeing 787 na iya ɗauke wuta gaba ɗaya in suka yi kwana 248 a kunne ba hutu. Kafin a gyara manhajar, umarnin da aka ba kamfanonin jirage shi ne su riƙa kashe wutar jirgin suna sake kunnawa.