Haɗa Kan Likitoci Domin Maganin Toshewar Jijiyar Huhu

Toshewar jijiyar huhu cuta ce wadda asalinta yake nesa da huhu. Jini yakan daskare a cikin manyan jijiyoyin ƙwauri ko cinya, ya zama guda. Idan gudan ya ɓalle, sai ya bi jini, ya ratsa ɓangaren dama na zuciya, ya je ya maƙale a jijiyar da ke kai jini huhu. Tun a ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana wannan al'amari. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu doguwar jinya a kwance, da waɗanda aka yi wa tiyata, da masu ciki ko jego, da masu ciwon daji. Idan gudan ya yi girma, zuciya takan kasa tura jini, mutum ya mutu cikin 'yan sa'o'i.

Magani kuwa akwai shi, har kashi huɗu. Akwai maganin tsinka jini irin su heparin, wanda ke hana gudan ƙaruwa. Akwai allurar narkar da gudan, amma tana iya jawo zubar jini, har a cikin ƙwaƙwalwa. Akwai zura siririn bututu ta jijiya a zuƙo gudan. Sa'an nan akwai tiyata. Wahalar ita ce kowace hanya tana hannun wani sashe dabam na asibiti, kowane likita kuma hanyar da ya ƙware a kai ita ya fi gani. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, lokaci ya ƙure wa majiyyaci.

Saboda haka ne a shekarar 2012 Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, a Amurka, ya kafa rukunin likitoci na musamman da ake kira PERT. Tsarinsa mai sauƙi ne. Akwai lambar waya guda ɗaya, dare da rana. Da zarar hoton ƙirji ya nuna babban guda, sai a kira ta. Nan take likitocin gaggawa, da na zuciya, da na huhu, da na jini, da masu karanta hoto, da masu tiyata su haɗu ta waya, su dubi hoton tare, su auna hawan jinin majiyyaci da ƙarfin zuciyarsa, su tsai da shawara guda.

Asibitin da ke son kafa irin wannan rukuni yana bukatar shugaba tsayayye, da rubutacciyar ƙa'ida mai nuna wanda za a kira da lokacin kiransa, da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna waɗanda aka horar, da ranar duba majiyyata bayan an sallame su. Ƙaramin asibiti ma yana iya yin nasa gwargwadon hali, muddin ya san lokacin da ya wajaba ya fara heparin ya kuma tura majiyyaci gaba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.